Gwaggo Kulu da Mussar Mandera

Mutanen unguwarsu a Bodinga a tsaye suka san Gwaggo Kulu. A tsaye take shan koko, a tsaye take amsa gaisuwa. Ko gidan suna ta je, kafin a shimfiɗa mata tabarma ta riga ta naɗe hannun riga ta kama wankin kwanuka. Sunanta na yanka Ummukulthum, amma rabon da a kira ta da shi tun ranar ɗaurin aurenta. 'Yar Mandera ce, can ƙasar Shagari, gidan masu shanu. Aure ya kawo ta gidan Malam Na'Allah, manomin albasa, ta baro warin garke ta shigo warin albasa, kuma ba ta taɓa faɗin wanda ya fi mata ba.

Sana'arta gabu. In an cire albasa a fadama, ganyen da wasu ke bari a ƙasa shi take tarawa, ta daka, ta dunƙula, ta shanya a kan buhuna har ya bushe ya zama abin ƙamshin miya. Da shi ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki. Yanzu duk sun watse, wata a Sakkwato, wata a Yabo, gidan ya rage daga ita sai Malam sai kyanwa ɗaya, ko mussa, kamar yadda ake kiranta a nan.

Mussar tana da tarihi. Mahaifiyar Kulu, wadda kowa ke kira Inna, ba a taɓa raba ɗakinta da mussa ba. Farare ne duka, masu baƙin tabo a hanci, uwa ta haifi ɗiya, ɗiya ta haifi jika, tun Kulu tana tallar nono. Da Inna ta rasu, damina ta zo ta kayar da ɗakin, mussoshin suka bazu. Ranar da aka taru rabon kaya, wannan ta ɗauki gado, waccan ta ɗauki tasoshi, Kulu kuwa ta ji kuka a ƙarƙashin rumbu. Ta durƙusa ta jawo 'yar ƙaramar mussa fara mai baƙin hanci, ƙashi da fata. Ta sa ta a buhu, ta ɗaure bakin sako-sako, don a Mandera haka ake yi: mussar da ta ga hanya za ta koma inda ta fito. Ta sa mata suna Ta'inna.

Malam Na'Allah ya leƙa buhun ya ja tsaki.

“Kowa ya dawo da abin arziki, ke kin dawo muna da baki mai ci.”

“Ba daga akushinka za ta ci ba, Malam.”

“Allah shi sa. In nig gan ta kusa da zaurena, takalmi za ta sha.”

Haka suka zauna shekaru. Shi yana cewa shegiyar mussa, ita tana yi kamar ba ta ji ba. Kulu ta ware wa Ta'inna tsohuwar tasa ta ruwa, tana sauya ruwan safe da yamma. Ta zuba mata yashi a bayan madafa, tana kwashewa ta kawo sabo. Ran Juma'a takan kama ta tsakanin gwiwoyi ta taje ta da wani karyayyen mataji tana cire mata ƙuma, nan ma a tsugune, ba a zaune ba. Ta san harshen wutsiyarta: in ta miƙe sama, lafiya, in tana bugun ƙasa, a ƙyale ta. Ta san in ta kafa farce a jikin dogon yaron tsakar gida ba ɓarna ba ce, gyaran farce ne. Ita kuma Ta'inna ta hana ɓera sakat a ɗakin gabu, takan ma kawo wanda ta kama ta ajiye a bakin ƙofar Kulu, kamar mai kawo tukuici.

Kulu ba ta cika magana a kan mahaifiyarta ba. Amma in ta ga baƙin hancin nan ya leƙo daga bayan randa, wani abu yakan lafa a ƙirjinta. Daga gidan Inna babu abin da ya rage mai numfashi sai wannan.

Bazarar da ta wuce albasa ta yi albarka har ta rasa mai saye. Ta cika rudu, rumfar karan da ake jera ta don kada ta ruɓe, ta cika zaure, ta cika ƙarƙashin gado. A cikin wannan hada-hadar Kulu ta lura Ta'inna ta daina hawa katanga. Da farko ta ce zafi ne, kowa ma ya yi laushi. Sai ta ga ta daina lasar jikinta, gashin ya cukurkuɗe. Sai ta ga ɓera ya gifta ta gabanta, ta bi shi da ido kawai. Ta koma ɓuya a lungun da ke bayan randa, cikinta na ɗagawa da sauri kamar wadda ta yi gudu. Wata safiya ba ta kai ga yashi ba, ta yi fitsari a kan siminti, Kulu ta duƙa ta duba: ja-ja ne, kamar shayin da aka bari ya daɗe a wuta.

Ranar ba ta daka gabu ba. Ta ɗauki taɓarya ta ajiye. Ta ɗora tukunya ta manta ba ta hura wuta ba. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta leƙa bayan randa, ta koma, ta sake fitowa. Wata maƙwabciya ta ce ta jiƙa mata rabin farasitamol. Wata ta ce sammu ne, ai mussa ke tare wa mai gida abin da aka aiko masa. Kulu ta ce to, ta ce to, ba ta yi ko ɗaya ba. Ta kira ƙanenta Mainasara, wanda ke riƙe da shanun gidansu.

“Adda, mussa?” ya ce yana dariya a waya. “Ni na ɗauka Malam na ba lahiya.”

“Ta'inna ta, Mainasara.”

Dariyar ta tsaya. Ya san daga inda aka ɗauko ta. Ya ce gobe masu rigakafin shanu za su zo fili kusa da kasuwar Shagari, akwai likitar dabbobi a cikinsu, in za ta iya tahowa.

Da ta faɗa wa Malam, bai ɗago daga albasar da yake tsincewa ba.

“Ki shiga mota da mussa har Shagari? Mutane su ce mi?”

“Su ce abin da sunka ga dama.”

“To ki lulluɓe ta da kyau,” ya ce, bayan ta riga ta juya. “Rana na da zahi.”

Wannan karon ba buhu ta sa ta ba. Kwando ta samu, ta shimfiɗa tsohon zane, ta rufe da wani, ta bar kafar shan iska. A cikin bas ɗin ta rungume kwandon a cinya. Duk inda direba ya tsaya ɗaukar fasinja sai ta ji kamar ta sauka ta tura motar. Wata mata kusa da ita ta tambaya ko 'yan tsaki ne. Kulu ta ce a'a. Matar ta ɗaga gefen zanen, ta saki, ta matsa can jikin taga. Kulu ta zura hannu cikin kwandon ta ɗora a haƙarƙarin Ta'inna, ta bar shi nan har Shagari, tana jin zuciyar na bugawa a tafinta ƙanana-ƙanana.

Filin ya cika da shanu da ƙura da ihun makiyaya. Ita kaɗai ce mace mai kwando a layin masu sanduna. Wani ya ce, “Gwaggo, naki garken ke nan?” aka kwashe da dariya. Mainasara ya ratso ya karɓe ta, ya leƙa kwandon, ya girgiza kai.

“Adda, wagga ai jini ne babu. Ƙuma sun shanye ta. Bari in ɗebo maganin kaska da nike wanke maruƙa da shi, mu yi mata wanka ɗaya, ki gani.”

“Ka yi mata wannan wankan, kafin la'asar ka gina rami.”

Wata matashiya ce ta yi maganar, da farar riga a kan hijabi da takalmin roba har gwiwa, allura a hannu. Ita ce likitar, Ramla. Ta miƙa wa abokin aikinta allurar, ta wanke hannu, ta ja Kulu zuwa inuwar motarsu.

“Sannu, Gwaggo. Maganin shanu na shanu ne. Mussa ba ta ɗaukar shi, ko a fata. Kin ba ta wani abu a gida? Farasitamol?”

“An ce in ba ta. Ban ba ta ba.”

“Allah ya taimake ki. Shi ma kisa yake.”

Ta ɗaga leɓen Ta'inna da yatsa a hankali, ta ce Kulu ta duba. Dasashin fari ne fat, kamar an shafa masa alli. Ta ce na mai lafiya ja-ja yake. Ta duba ido, ta shafa ciki, ta buɗa gashi ta ce ƙumar ba ta kai ta yi wannan aikin ba. Da ta ji labarin fitsarin sai ta tsaya.

“Me take ci?”

“Kan kihi. Ɗan tuwo da miya. Nono in an samu.”

“Miyar da albasa?”

Kulu ta dube ta kamar ta tambayi ko rijiya da ruwa.

“Ɗiyata, Bodinga hwa nike. Gabu nike saidawa.”

Ramla ta yi mata bayani ba tare da gaggawa ba. Albasa, ɗanya ko soyayya, da gabu, da tafarnuwa, duk suna fasa jinin mussa, kaɗan-kaɗan, har ya ƙare. Abin da ya fashe shi ke fita a fitsari. Ta ce a daina ba ta duk abin da albasa ta taɓa. A ba ta dafaffen ƙwai, ko kifi da aka cire wa ƙaya, ko 'yar hanta, babu gishiri babu kayan miya. Nono ma a rage, yana sa babbar mussa zawo. Ruwa mai tsabta, inuwa, kada a dame ta. Ta ba ta wani maganin ruwa na ƙarin jini, ta nuna mata yadda za ta ɗiga shi ta gefen baki. In ta warke, a kawo ta rigakafin haukan kare.

“Za ta tashi?”

“In an daina yau, akwai rai. Amma Gwaggo, 'yar miyar da kika ce da wuya ya kai ta nan. Ki duba ko tana ci a wani wuri.”

Mainasara ya so ta kwana Mandera. Ta ƙi. Ko furar da matarsa ta aiko a tsaye ta kurɓa, ta hau kabu-kabu zuwa bakin titi.

A gida ta zayyana wa Malam komai. Ya saurara har ta kai kan albasa, sai ya ajiye butarsa.

“Albasa? Albasar da ke korar mura? Da ubana ya sha ruwanta har ya tsufa bai san asibiti ba? Yaran ga na boko, in ba su gane ciwo ba sai su laƙa ma abin da ke kusa.”

“Haka tac ce.”

“Albasa ƙarfi take sawa. Ni na sani.”

Kulu ba ta ja ba. Ta kai Ta'inna ɗakinta, ta kai mata yashi da tasar ruwa, ta ja ƙofa. Ta share ɗakin tas, ta fitar da albasar ƙarƙashin gado. Ta dafa ƙwai a tukunyar da ta wanke har sau ba adadi. Ta'inna ta shinshina, ta ci kaɗan, ta kau da kai.

Kwanaki suka shige, babu sauyi. Kullum da safe Kulu na ɗaga leɓen nan, kullum fari. Ta bi gidajen maƙwabta tana tambaya ko mussarta na shiga madafarsu, suka ce rabonsu da ita tun kafin zafi. Ta zargi tasar, ta sauya. Ta zargi hannunta mai warin gabu, ta dinga wanke shi da toka har ya tsage. Gabun da ta shanya ya yi baƙi a rana ba ta juya shi ba. Masu saye suka zo suka koma. Ta rame, idonta ya faɗa, tana zagaya tsakar gidan kamar akuyar da aka ɗaure wa ɗa a wani gida.

Wata safiya ta tafi famfo ɗibar ruwa, ta tarar babu layi, ta dawo da wuri. Ƙofar ɗakinta a ɗan buɗe, ita kuwa ta san ta ja ta. Ta'inna na kwance tana lasar baki. Kulu ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado. Ga guntun takarda mai maiƙo, a kansa ragowar soyayyen ƙwai, albasa ta fi ƙwan yawa, an yanka ta manya-manya. Mutum ɗaya ne a Bodinga ke kai wa mai shayi albasarsa daga gida ya ce a yanka ta haka.

Tun zuwan Kulu gidan, Malam a zaure yake karin kumallo. In ya fito masallaci sai ya biya teburin Ubaidullahi mai shayi a tsallaken hanya, ya karɓo ƙwai da burodi, ya zauna shi kaɗai a kan buzunsa. Zaure wurin maza ne, Kulu ba ta taɓa tsayawa a ciki ba sai dai ta ratsa. Ranar ta shiga, takardar a hannu, ta tsaya a kansa.

“Malam, wanga mi ne?”

Ya dubi takardar, ya dubi bango.

“Takarda.”

“A ƙarƙashin gadona.”

Ya gyara hula. Ya ɗauki kofin shayi ya ga babu komai a ciki, ya ajiye.

“Ba ta cin naki,” ya ce da ƙyar. “Ƙwai babu mai, babu komi. Wa zai ci? Ni nig ga tana ƙarewa.”

“Tun yaushe?”

“Tun... ke Kulu, tun dauri. Tun da kinka kawo ta cikin buhu. Ita taz zo da kanta, ta zauna nan,” ya nuna gefen buzun, inda gashin ya kwanta ya yi ɗan gurbi. “Loma guda nike ba ta. Bana ne da anka ce jinina ya hau, in bar soye-soye, to na saba saye. Sai in ci burodin, ita ta ci ƙwan. Da nig ga ta yi laushi, nic ce ma Ubaidu shi ƙara albasa.”

Kulu ta dubi gurbin nan na gefen buzu. Shekara da shekaru yana cewa shegiyar mussa. Ta juya ta shige cikin gida. Ya ɗauka shi ke nan, sai ga ta ta dawo da Ta'inna a hannu, ta durƙusa a gabansa, ta ɗaga leɓen kamar yadda likita ta yi.

“Duba.”

“Na gani.”

“Ba ka gani ba. Duba da kyau. Jininta ne albasarka ta shanye. Daga gidan Inna ita ɗai tar rage min, Malam.”

Ya duƙo. Ya daɗe yana kallon farin dasashin. Ta'inna ta zame daga hannun Kulu, ta taka da ƙyar, ta je ta kwanta a gurbin nan na gefen buzu, ta ɗora haɓa a kan ƙafarsa. Bai kore ta ba. Hannunsa ya sauka a bayanta, da ganin yadda ya sauka an san ba yau ya fara ba.

Washegari Kulu ta bar tsintsiya ta laɓe a bakin zaure tana leƙen tsallaken hanya. Ta ji muryar Ubaidullahi ta tashi har kan titi.

“Dahwahhe? Babu albasa? Jama'a ku taho ku ji! Baba Na'Allah, sarkin albasa, yau shi ka cewa a cire!”

“Kai dai yi abin da anka sa ka.”

“Baba, ko ka bar noma ne ba mu sani ba?”

“Ubaidu, in ka ƙara magana, shayinka mai kama da ruwan wanki na bar sha.”

Masu zaman benci suka yi ta dariya. Malam ya karɓi ƙwansa ya ratso hanya kansa a sama. Ya ɓare shi a zaure, ya marmasa a tafin hannu. Abin da Ta'inna ta ƙi ci a tasar Kulu, ta cinye shi tas a hannunsa.

Ba a rana ɗaya ta tashi ba. Kulu ta ci gaba da ɗiga magani, ta ci gaba da ɗaga leɓe, yanzu su biyu ke dubawa, suna gardama.

“Ya hwara ja.”

“Idonka na, Malam. Hwari ne.”

“Kawo ta haske.”

Har ranar da ita ma ta yarda ya yi ja. Ta'inna ta fara lasar ƙafa tana goge fuska. Ta koma kafa farce a jikin dogon yaro. Kafin ruwan farko ya sauka, Kulu ta ɗago daga turmi ta gan ta a kan katanga, wutsiya a miƙe, tana kallon unguwa kamar ita ta gina ta. Kulu ta saki taɓarya. Ta ja kujera 'yar tsuguno ta zauna, ta zauna sosai, hannuwanta a kan gwiwa, har maƙwabciyar da ta shigo aron rariya ta tambaya ko lafiya.

Ɓeran farko da Ta'inna ta kama bayan ciwon ba a ƙofar Kulu ta ajiye shi ba. Malam ne ya fito zai sa takalmi ya same shi kwance a ciki.

“Kulu! Taho ki ga aikin shegiyar mussarki!”

Ta taho tana goge hannu a zane, ta duba takalmin, ta dubi mussar da ke zaune a gefen buzu tana lumshe ido.

“Ni na kai ki Shagari cikin rana, maciya amana,” ta ce.

Ta ɗauke ɓeran da tsinke, ta ce wa Malam ya tuna akwai rigakafi, kuma wannan karon shi zai riƙe kwandon a mota. Kafin ya amsa ta riga ta kai bakin turmi.